Zunubin da Ba a Gafartawa: Gardamar da Ke Raba 'Yan'uwa a Waya

Kiristocin jihar Maraɗi ba su da yawa, amma sun san juna. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa a duk faɗin Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. In ka taso daga Gidan Rumji ka bi kwalta ta Tsibiri, ka ratsa Maraɗi da Cadawa har Agiye da Gazawa, da wuya ka shiga majami'ar da ba ka da suruki ko abokin makaranta a cikinta. A da sai ranar kasuwa ko taron shekara ake haɗuwa a ji labarin juna. Yau kowace ƙungiya da zaurenta a WhatsApp: matasa da nasu, mawaƙa da nasu, zumuntar mata da nasu. Alherin abin a fili yake. Da shi ake sanar da rasuwa da suna, da shi ake nemo mai ba da jini a asibiti, da shi ake tara gudummawa in ruwa ya rushe wa wata gwauruwa ɗaki.

Sai dai akwai wata magana da ta yi arha a waɗannan zauruka, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Da zarar gardama ta yi zafi kan wani fasto ko wani taron addu'a, sai ka ga wani ya rubuta wa ɗan'uwansa: "Ka yi saɓon Ruhu Mai Tsarki. Kai da gafara har abada." A bakin Kirista babu hukuncin da ya kai wannan nauyi. Ni ɗan mai bishara ne, an haife ni a wani ƙauye kusa da Tsibiri, kuma na daɗe ina koyar da ajin matasa ranar Lahadi a ƙasar Agiye. Mahaifina ya yi wa'azi kan wannan zunubi, amma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya nuna wani mai rai ya ce shi ne ya aikata ba. Yau yaron da bai gama kwaleji ba yana yanke wannan hukunci da ɗan yatsa, yana kurɓar shayi a fada.

Yadda wutar ke kamawa

Ga wadda na gani da idona. Wani ya turo bidiyon taron warkarwa daga Najeriya a zauren matasanmu. Mai wa'azi yana ɗaga hannu, mutane suna faɗuwa, wasu suna birgima, wasu suna magana da harsuna. Wani saurayi tela, ɗan ƙasar Gazawa, ya rubuta a ƙasa: "Wannan ai bori ne, garaya kaɗai ta rage." Ya haɗa da alamar dariya.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka wasa ne kawai. A nan kalmar bori tana da tarihi. A Tsibiri akwai sarautar Inna, a Maraɗi akwai Iya, kuma tun fil azal al'amarin bori a hannunsu yake. Iyayen wasu daga cikinmu daga gidajen bori da tsafi suka fito suka karɓi bishara, dangi suka juya musu baya saboda haka. Don haka in ɗan irin wannan gida ya ga mutum yana karkarwa yana faɗuwa a majami'a, abin da kakarsa ta bari shi ke fara zuwa masa a rai. A ɗaya ɓangaren kuma, a cikin zauren akwai wata uwa da ta kai ɗanta mai farfaɗiya wurin addu'a irin wannan, ta kuma gaskata har cikin ranta cewa a can Allah ya taɓa shi. A kunnenta, telan ya ce aljanu ne suka warkar mata da ɗa.

Kafin gari ya waye zaure ya rabu uku. Kashi na farko suka ce ya faɗi daidai abin da Farisiyawa suka faɗa wa Yesu, saboda haka ƙofa ta rufe masa. Kashi na biyu suka ce gaskiya ya faɗa, masu faɗuwar ne ma ke saɓo da suke jingina wa Ruhun Allah abin da ba nasa ba. Kashi na uku suka yi ta roƙo a yi haƙuri, ba wanda ya saurare su. Aka cire yaron daga zauren. Ya daina zuwa sujada. Bayan wani lokaci sai ga shi a ƙofar gidana da dare, ya rame, idanu sun faɗa.

"Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Tawa ta ƙare ke nan?"

"Ɗana, shigo ka zauna tukuna. Wa ya ce maka ta ƙare?"

"Sun turo mini ayar. Na karanta, na sāke karantawa. In na durƙusa zan yi addu'a sai in ji kamar ba amfani."

Na ɗauko Littafi Mai Tsarki muka buɗe tare. Abin da na nuna masa a daren shi zan nuna wa mai karatu.

Abin da nassin ya ƙunsa

Maganar tana wuri uku a Linjila: Markus 3:28-30, Matiyu 12:31-32, da Luka 12:10. Matsalar masu turo ta a waya ita ce suna yanko aya ɗaya su bar abin da ke gabanta da bayanta. A labarin Matiyu, an kawo wa Yesu wani mutum makaho kuma bebe, mai aljani, ya warkar da shi a gaban jama'a har ya gani ya yi magana. Farisiyawa ba su musa warkarwar ba, don ga mutumin tsaye. Da suka rasa ta cewa, sai suka ce da ikon Ba'alzabul, shugaban aljanu, aka yi aikin. Mutane ne masana Attaura, sun ga alheri ƙiri-ƙiri, sun san abin da suka gani, suka zaɓi su kira shi aikin Shaiɗan don kada jama'a su bi wanda suke ƙi. Markus ma ya ƙara bayani da kansa cewa wannan zargi shi ne dalilin gargaɗin.

Abu na biyu da ake tsallakewa shi ne farkon jawabin. Kafin Yesu ya keɓe zunubi ɗaya, sai da ya shimfiɗa cewa kowane irin zunubi da kowane irin saɓo ana iya gafarta wa 'yan Adam. A Matiyu da Luka har ya haɗa da mummunar maganar da za a yi a kansa shi kansa. Kaɗan ne daga ayoyin Sabon Alkawari suka kai wannan faɗin rahama, amma ita ce aka mayar abin razana mutane.

Sai kuma mu duba waɗanda suka yi ɓaram-ɓarama da baki a cikin littafin, mu ga ƙarshensu. A babin nan na Markus, 'yan'uwan Yesu sun zo su kama shi suna cewa ya zautu. Ɗaya daga cikin 'yan gidan, Yakubu, shi ya zama jigon ikilisiyar Urushalima daga baya. Bitrus ya yi musun ubangidansa sau uku a dare ɗaya, har da rantsuwa da la'ana, amma shi ne ya tsaya ya yi wa'azi ranar Fentikos. Bulus ya shaida da kansa a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti cewa a da shi mai saɓo ne, mai tsananta wa masu bi, kuma an yi masa jinƙai. Matiyu da Markus sun ce 'yan fashin da aka gicciye tare da Yesu sun zage shi, Luka kuma ya ba da labarin wanda ya juyo a cikinsu, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. In da kalma ɗaya mai muni tana rufe ƙofa har abada, da babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai shiga.

Tsohuwar gardama ce

Masu faɗa a waya suna ji kamar su suka fara tono batun, alhali ikilisiya ta yi ƙarni goma sha bakwai da ɗoriya tana juya shi, kuma mafi yawan gardamar farko a nan nahiyarmu aka yi ta. A shekara ta 250 sarkin Rum Desiyus ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka tsorata suka yi. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka a ƙofar majami'a. Wani malami a birnin Roma mai suna Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon karɓarsu, har ya ɓalle da jama'arsa a 251. Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara 'yan'uwansa a shekarar suka yanke cewa mai tuba ana karɓarsa bayan horo. Babban taron Nikiya na 325 ya bi wannan hanya, ya gindaya wa malaman ɓangaren Nobatiyan sharaɗin cewa in suna son dawowa sai sun yarda su yi zumunci da waɗanda suka faɗi suka tuba.

A Iskandariya, wani malami mai suna Orijin ya ɗauka zunubin da ba a gafartawa ya shafi wanda ya koma ga mugunta bayan baftisma. Atanasiyus, bishop ɗin birnin a ƙarni na huɗu, bai yarda ba, ya mayar da maganar kan asalinta, wato jingina aikin Allah ga Shaiɗan. Wanda bayaninsa ya fi tasiri shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Ya rasu a 430. A wa'azinsa kan wannan aya ya ce zunubin shi ne taurin zuciyar da ke ƙin tuba har mutuwa. Dalilinsa mai sauƙi ne. A koyarwar Kirista, Ruhu Mai Tsarki ne ke nuna wa mutum laifinsa ya jawo shi ga tuba. Wanda ya yi ta korar mai kiran har numfashinsa ya ƙare, ta ina gafara za ta iso shi? Daga nan Agustin ya fitar da hukuncin da nake so kowane mai waya ya haddace: muddin mutum yana numfashi, ba mai iya cewa ya aikata wannan zunubi, don ba wanda ya san yadda zai cika.

Katolika a kan haka suke har yau. Littafin koyarwarsu na 1992, a sakin layi na 1864, ya bayyana cewa rahamar Allah ba ta da iyaka, mutum ne ke hana kansa ita in ya ƙi karɓa da gangan. Malaman Furotesta da yawa sun fi karkata ga cewa ƙin gaskiya ne da gangan bayan an san ta sarai. Ana samun bambanci wajen fassara Ibraniyawa 6 da 10 da kuma 1 Yahaya 5:16, inda aka yi maganar zunubin da ke kai ga mutuwa. Amma a wuri ɗaya kusan duka suka haɗu: wanda ke tsoron ya aikata, yake kuka yana neman gafara, tsoron nan nasa shaida ce cewa zuciyarsa ba ta mutu ba. Farisiyawan da aka yi wa gargaɗin ba su kwana suna kuka ba.

Wannan tsoro ya wahalar da manyan bayin Allah. John Bunyan, mai wa'azin nan na Ingila da ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi, ya ba da labarin kansa a wani littafi da ya fito a 1666. Wani mugun tunani ne ya gifta masa a zuciya, ya ɗauka ya sayar da Almasihu, ya daɗe cikin azabar rai kafin ya sami salama. Shi ne daga baya ya rubuta labarin tafiyar mai ibada da aka fassara cikin harsuna masu ɗimbin yawa. Likitoci ma sun san wata larura da ke sa munanan tunani su yi ta faɗo wa mutum ba da sonsa ba, musamman mai tsananin tsoron Allah. Irin wannan mutum in ka jefa masa ayar nan a waya da tsakar dare, kana iya tura shi inda ba a dawowa.

Maƙwabtanmu Musulmi ba za su ji wannan bayani baƙo ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 48 da ta 116, an keɓe shirka a matsayin abin da Allah ba ya gafartawa, malamai kuma sun bayyana cewa ana nufin wanda ya mutu a kanta bai tuba ba. A Suratuz Zumar, aya ta 53, an hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Addinan biyu sun sha bamban a manyan abubuwa, amma a nan kowanne yana koyar da cewa ƙofar tuba a buɗe take ga mai rai.

Laifin kowane ɓangare

Intanet ba ta ƙirƙiro gardamar ba, ta dai ba ta ƙafa. A ƙarshen 2006 wata ƙungiyar masu musun samuwar Allah a Amurka ta yi kira ga matasa su ɗauki bidiyon kansu suna musun Ruhu Mai Tsarki su ɗora a YouTube, don su nuna ba sa tsoro. A Oktoban 2013 fitaccen mai wa'azi John MacArthur ya shirya taro a Kalifoniya inda ya zargi ɗariƙun Fentikos da jingina wa Ruhu ayyukan da ba nasa ba, su kuma wasunsu suka mayar masa da zargin cewa shi ne ke kiran aikin Ruhu na Shaiɗan. A Janairun 2024, da BBC ta fitar da bincikenta kan marigayi mai wa'azi T.B. Joshua na Legas, Kiristocin Afirka sun yi ta musayar wannan zargi a Facebook. Duk abin da aka dafa a can yana isowa wayoyinmu a Agiye, sau da yawa guntu-guntu, ba kai ba gindi.

Ga masu kare fastoci ina da magana. Tambaya ba saɓo ba ce. Littafin da kuke riƙe da shi ya umarci masu bi su gwada ruhohi, a 1 Yahaya 4:1. A 1 Korantiyawa 14 an ce in annabawa sun yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Ayar Zabura 105 da ake yawan jawowa, wadda ta hana taɓa shafaffu, tana ba da labarin yadda Allah ya kāre Ibrahim da zuriyarsa daga sarakuna lokacin da suke baƙi 'yan kaɗan. Ba ta hana dattijon ikilisiya tambayar inda baikon Lahadi ya shiga ba, ba ta kuma hana uwa tambayar abin da aka yi wa 'yarta ba. Duk shugaban da ya ɓuya a bayan zunubin da ba a gafartawa don kada a bincike shi, ya ɗauki sunan Allah ya yi garkuwa da shi.

Ga masu ba'a kuma, kada ku ɗauka na wanke ku. A babin nan na Matiyu, ayoyi kaɗan bayan gargaɗin, an ce mutum zai ba da lissafin kowace maganar banza da ya furta. Wasiƙar Yakubu ta keɓe wa harshe kusan babi guda. Afisawa 4 ta haɗa ruɓaɓɓiyar magana da ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai a wuri ɗaya. Bulus da ya ce a gwada kome, shi ne a wurin ya ce kada a danne Ruhu, kada a raina annabci. Wanda ya ga bidiyon minti ɗaya, bai san mutanen ba, bai san abin da ya faru kafin ko bayan ba, ya ce aikin aljanu ne, ya taka hanya mai santsi. Bai kai inda Farisiyawa suka kai ba, amma ya fuskanci wajen. Magana zarar bunu ce. Abin da telan ya rubuta zunubi ne, haka na faɗa masa a daren, ban sassauta ba. Zunubi ne irin wanda ake tuba a nemi gafarar Allah da ta wanda aka ɓata wa.

Dalilin da ya sa abin ya fi nauyi a nan

Ikilisiyar wannan yanki ƙarama ce kuma ta sha wuya kafin ta tsaya. 'Yan mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, suka buɗe tasha a Tsibiri kafin shekarun 1920 su ƙare. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da shi kakanninmu suka koyi karatu. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye ta horar da masu bishara da suka bazu ƙauyuka da iyalansu, suna noma suna wa'azi. Daga wannan aiki aka sami ikilisiyar EERN daidai lokacin samun 'yancin kai. Mun kuma ɗanɗani rabuwa: wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 saɓani kan shugabanci ya sa wasu suka fita suka kafa nasu ƙungiyoyin, har gida ɗaya ya zama wa na zuwa wannan majami'a, ƙane na zuwa waccan. Dattawan da suka ga wannan zamani sun san tsawon lokacin da gyara ke ɗauka.

Sannan abin da aka rubuta a zaure ba ya tsayawa a zaure. Ana ɗaukar hotonsa, ana tura saƙon murya gaba. Mun ga abin da wutar magana ke yi. A Nuwamban 2000, a zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an ƙona majami'ar Vie Abondante a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, 'yan sanda kuma suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai, alhali babu Kiristan Nijar ko ɗaya da ke da hannu a zanen. A Yunin 2019 an cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya cikin Maraɗi bayan kama wani limami. A tsallaken iyaka, ranar 12 ga Mayun 2022, an kashe ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato kan saƙon murya da ta tura a zauren 'yan ajinsu. Kisan nan zalunci ne, babu wata magana da ke halatta wa taron jama'a ɗaukar rai. Haka kuma ina gaya wa matasanmu ba ƙyaftawa cewa zagin abin da maƙwabcinka ke girmamawa ba bishara ba ce. Yawancinmu muna da kawu ko gwaggo Musulmi, tukunya ɗaya muke ci ranar salla da ranar Kirsimeti. Yaron da ya saba yi wa 'yan'uwansa Kiristoci ba'a a waya, wata rana harshen zai zarce zuwa waje.

Akwai kuma hukuma. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019. An cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna a 2022, aka dawo da shi a Yunin 2024. Abin da ka rubuta cikin fushi yana iya kai ka gaban alƙali.

Abu ɗaya daga 2015 ba ya fita raina. Toka ba ta gama hucewa ba shugabannin ikilisiyoyi suka fito suka yi kira ga gafara, aka kuma ji labaran Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Jama'ar da ta iya cewa ta yafe wa wanda ya ƙona mata ɗakin sujada, da wane baki za ta ce wa ɗanta babu gafara saboda layi ɗaya da ya rubuta?

Hanyar da aka ba mu

Ba a bar mu cikin duhu ba game da abin yi. Matiyu 18:15-17 ta tsara shi daki-daki: in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka same shi ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in wannan ma ya ci tura ake kai wa ikilisiya. Zauren waya yana juya tsarin nan a kife, don da taron jama'a yake farawa, kuma mutumin da aka kunyata a gaban mutum ɗari da wuya ya ce ya yi kuskure. Ko horon da dattawa ke sa wa mai laifi, a hana shi jibin Ubangiji na wani lokaci, manufarsa a dawo da shi ne. A wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa, Bulus ya roƙi a yafe wa wanda aka hora a ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Haka muka yi da telan. Na raka shi gidan matar nan da yamma, ya durƙusa a tsakar gida.

"Mama, na yi miki laifi. Ban san zancen ɗanki ba, amma ko ban sani ba bai kamata in faɗi haka ba. Ki yafe mini."

"Tashi, ɗana. Maganarka ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ban ce Allah ya rufe maka ƙofa ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Har yau ba su yarda da juna kan faɗuwa a wurin addu'a ba, kuma ba dole sai sun yarda ba. Yana zuwa sujada, ita ma tana zuwa. Waɗanda suka yanke masa hukuncin wuta kuwa, ban ji wanda ya je ya ba shi haƙuri ba, alhali nasu laifin bai fi nasa sauƙi ba.

Don haka ina roƙon fastoci da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki su koyar da wannan nassi gaba ɗayansa, daga warkar da makahon har zuwa gargaɗin, kada matasa su fara jin sa daga bakin mai fushi. Ina roƙon masu kula da zauruka, in gardama ta kai ga zagi ko yanke wa wani makoma, su rufe zauren na ɗan lokaci su kira mutanen a waya, ko su taka su same su. Ina roƙon matasa, kafin ka tura magana kan addinin kowa, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗarta a gaban mahaifiyarsa. Kai kuma da kake karanta wannan da nauyi a ƙirji, kana tsoron wata kalma da ta kuɓuce maka ko wani tunani da ya gifta, kada ka zauna da shi kai kaɗai. Ka nemi fastonka ko wani dattijo mai hankali a yau, ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa, ka koma wurin sujada. Wanda ya ce maka ƙofa ta rufe ba shi ke riƙe da mabuɗinta ba.